Kuɗi da Tsando: Tarihin Biyan Binciken Ciwon Barci a Nijeriya ta Arewa

Gabatarwa

Ciwon barci ba ya wucewa daga mutum zuwa mutum kai tsaye yadda agana ko ƙyanda su ke yi. Sai abu uku sun haɗu tukuna: ƙwayar cutar da ke cikin jini, da ƙudan tsando da ke ɗaukarta, da kuma wurin da mutum da tsando su ke gamuwa, watau mashaya, ko mashigin rafi, ko gindin kurmi. Waɗannan uku kamar duwatsun murhu su ke, in aka janye ɗaya tukunya ta tuntsure. Sabo da haka mai neman maganin wannan cuta yana da ƙofa uku. Ko dai ya nemi abin da zai kashe ƙwayar a jikin majiyyaci, ko ya nemi sanin halin tsando a mazauninsa, ko kuwa ya nemi sanin abin da ke kai mutane bakin rafi da abin da su ke tunani a kansa.

Ko wace ƙofa daga cikin ukun nan da kuɗi a ke buɗe ta. Manufar wannan takarda ita ce a bi sawun kuɗin, a ga wanda ya ba da su, da dalilin da ya sa ya bayar, da irin tambayar da ya yarda a yi da su, tun daga farkon ƙarni na 20 har zuwa yau. Abin da tarihin ya nuna shi ne, kuɗin magani su ne su ka fi saurin fitowa, kuɗin binciken tsando a daji ba su cika fitowa ba sai bayan annoba ta yi ɓarna, ko da ya ke su ne su ka haifi amfani mai ɗorewa, kuɗin sanin halin mutane kuwa kusan ba su fito ba sam.

Cutar da abin da mutanen dā su ka sani

Cutar ta daɗe a Afirka ta Yamma. Ibn Khaldun ya ba da labarin wani sarkin Mali, Mari Jata na Biyu, wanda barci ya riƙa rinjayarsa har tsawon shekara biyu, ya rasu wajen 1373. Cikin 1803 wani likita Bature mai suna Thomas Winterbottom, wanda ya zauna a Saliyo, ya rubuta cewa masu fataucin bayi su kan lalubi wuyan bawa, in sun ji kaluluwa sai su ƙi sayensa, don sun san barci na tafe. Haka cutar ta ke farawa: zazzaɓi mai zuwa yana komawa, da kumburin wuya, sa'an nan bayan wata da watanni, ko ma shekaru, ƙwayar ta kai ga ƙwaƙwalwa, mutum ya rame, hankalinsa ya jirkice, ya riƙa gyangyaɗi da rana tsaka, daga nan sai mutuwa in ba a yi magani ba.

'Yar'uwar wannan cuta ita ce sammore, wadda ke kama shanu da dawaki da raƙuma. Fulani makiyaya sun san tsando tun kafin wani likita ya sa shi a ƙarƙashin madubi. Su kan gangara kudu da rani sa'ad da tsando ya takura a rafuka, su hauro arewa da damina sa'ad da ya bazu cikin dawa, su kan kuma san kurmin da ba a shayad da dabba kusa da shi. Sarakunan yaƙi ma sun san ƙasashen da doki ba ya daɗewa a cikinsu. Wannan sani ne na gaske game da mazaunin cuta, an tara shi da asarar dukiya zuriya bayan zuriya, ba wanda ya biya sisin kwabo a kansa. Abin da ya rage a gane shi ne ƙwayar da ba a gani da ido, da yadda ta ke rayuwa a cikin ƙuda.

Kuɗin farko: ciniki da tsoro

Waɗansu daga cikin kuɗin farko da aka kashe a kan irin wannan bincike daga aljihun 'yan kasuwa su ka fito. Cikin 1898 Alfred Jones, shugaban kamfanin jiragen ruwa na Elder Dempster, ya yi alkawarin ba da fam 350 ko wace shekara har shekara uku don a kafa makarantar koyon cututtukan ƙasashe masu zafi a birnin Libaful. Dalilinsa a fili ya ke: ma'aikatan kamfanoni suna mutuwa a gaɓar Afirka ta Yamma, mutuwarsu kuwa hasara ce ga ciniki. Shekara guda bayan haka aka buɗe irinta a Landan da goyon bayan Ofishin Mulkin Mallaka. Wani likitan makarantar Libaful, Joseph Everett Dutton, shi ne ya tantance ƙwayar cutar a jinin wani majiyyaci a Gambiya, ya sa mata suna cikin 1902.

A daidai wannan lokaci annobar ciwon barci ta faɗa wa mutanen bakin Tafkin Biktoriya a Uganda, inda a ke ƙiyasta ta kashe mutum wajen 250,000 tsakanin 1900 da 1920. Tsoro ya kama hukuma a Ingila, sai babbar ƙungiyar masana kimiyya ta Landan ta aika da ayarin likitoci cikin 1902. Aldo Castellani ya ga ƙwayar a ruwan lakar majiyyata. David Bruce, wanda tun 1895 ya nuna a ƙasar Zulu cewa tsando ne ke kai sammore ga shanu, ya iso cikin 1903, ya tabbatad da cewa inda duk aka sami cutar, a nan a ke samun tsandon bakin ruwa. Cikin 1909 wani Bajamushe, Friedrich Kleine, ya nuna cewa sai ƙwayar ta yi kamar mako uku tana girma a cikin ƙuda kafin ya iya sa wa wani.

To, da aka san wannan, me aka yi? Gwamnan Uganda, Hesketh Bell, wanda daga baya ya zama Gwamnan Nijeriya ta Arewa, ya sa aka kwashe mutane daga bakin tafkin ƙarfi da yaji. Wannan ita ce dabarar wanda ya san ƙuda ne mai laifi amma bai san halinsa ba: ya bar masa ƙasar ya gudu. A ɗaya gefen kuwa kamfanoni da cibiyoyi masu arziki su ka duƙufa neman magani, domin magani abin sayarwa ne. Kamfanin Bayer na Jamus ya fito da wanda aka sani da Bayer 205, Cibiyar Rockefeller ta Amurka kuma ta fito da tryparsamide, wanda likita Louise Pearce ta gwada a Kwango cikin 1920. Sanin inda ƙuda ke kwana kuwa ba haja ba ne, ba mai saye, sabo da haka sai gwamnati ta biya, in ta ga dama.

Sherifuri da Gadau

Ƙa'idar mulkin Ingilishi a lokacin ita ce, ko wace ƙasa ta ɗauki nauyin kanta. Duk abin da za a kashe a Nijeriya sai ya fito daga kuɗin kwastan da haraji da jangali. Ban da wannan kuma tsando ba shi da uban gida a ofis. Ma'aikatar likita tana ganin aikinta majiyyaci ne, ma'aikatar dabbobi tana ganin nata saniya ce, ma'aikatar gandun daji tana tsaron itatuwan da ƙudan ke fakewa a ciki. Ko wacce tana iya cewa binciken na wata ne.

Duk da haka, cikin 1921 Gwamnatin Nijeriya ta kafa wani ɗan ƙaramin ayari na binciken tsando a Lardunan Arewa, ƙarƙashin likita W. B. Johnson da masanin ƙwari Llewellyn Lloyd. Su ka yi sansani a Sherifuri cikin ƙasar Katagum, daga baya aka koma Gadau, garin da bayan shekaru masu yawa aka kafa jami'ar Jihar Bauci a cikinsa. Sun gwada dabaru iri iri, kamar kewaye daji da shinge don a raba ƙuda da namun daji, da jinkirta ƙonan daji har ciyawa ta bushe sarai, da sare kurmi. Cikin 1933 T. A. M. Nash ya zo daga Tanganyika ya ci gaba da aikin.

Aikin ba shi da wani armashi ga mai kallo. Samari 'yan ƙasa su kan bi hanya guda cikin daji a ranakun da aka tsai da, da 'yar raga a hannu, suna kama duk ƙudan da ya biyo su, a ƙidaya, a rubuta namiji ne ko mace, da wurin da aka kama shi. Waɗansu suna tonon ƙasa a gindin itace suna neman 'ya'yansa. Ana auna zafi da laimar iska a cikin kurmi da wajensa, shekara tana bin shekara. Mai riƙe da baitulmali, musamman bayan karayar arziki ta duniya da ta fara cikin 1929, yana iya tambaya ina amfanin biyan albashi don ƙidayar ƙuda, ga asibitoci ba magani.

Amsar tana cikin abin da ƙidayar ta nuna. Tsando ba ya yin ƙwai barkatai kamar sauro. Macen tana haifan tsutsa ɗaya tak, kamar ko wane kwana tara ko goma, ta ajiye ta a ƙasa mai laushi cikin inuwa, tsutsar ta nutse ta yi ɓawo, bayan kamar wata guda ƙuda ya fito. Dabbar da haihuwarta ke da nawa haka, kisa kaɗan ya isa ya karya ta. Na biyu, akwai tsandon dawa, mai bin gadu da sauran namun daji, wanda ya fi cutad da shanu, akwai kuma tsandon rafi, mai shan jinin kada da guza da mutum, shi ne mai kawo ciwon barci a Arewa. Na uku, wanda ya fi duka muhimmanci, Nash ya nuna cewa a ƙasa irin ta Katagum da Kano da Zazzau tsandon rafi yana zaune ne a bakin iyakar abin da zai iya jurewa. Da bazara, in zafi ya haura awo 40, ba abin da ke cetonsa sai duhun sarƙaƙiya a ƙasa ƙasa, inda iska mai zafi ba ta shiga.

Daga nan aka fahimci wani abu da ya daɗe yana ba likitoci mamaki, watau cutar ta fi tsanani a inda ƙudan ba shi da yawa. A kurmin kudu tsando yana yawo ko ina, yana da abinci iri iri, ba safai ya kan ciji mutum biyu a jere ba. A Arewa kuwa rani ya kan tara ƙuda da mutane a 'yar mashaya guda, namun daji sun ƙare, sai ƙudaje goma ko ashirin su rayu a kan jinin mata masu ɗiban ruwa da yara masu wanka. Da wuya a sami ƙuda ɗaya cikin ɗari mai ɗauke da ƙwayar, amma wannan ɗayan ya isa ya gama da unguwa.

Annoba da ma'aikatar ciwon barci

Ana cikin wannan bincike cutar ta ɓarke. Masana tarihin cutar sun danganta ɓarkewar da sauyin zaman jama'a bayan 1903. Da yaƙi da harin bayi su ka ƙare, mutane su ka fita daga garuruwa masu ganuwa, waɗansu su ka sauko daga kan duwatsu, aka watsu cikin gidajen gona a bakin rafuka. Gari mai yawan jama'a ya kan cinye dajin da ke kewaye da shi da noma da itacen wuta, tsando ya rasa mafaka, amma gida biyar a bakin kurmi ba su iya haka. Ga kuma leburorin hanyar jirgin ƙasa da na haƙar kuza a Jos, suna kwana a sansanonin bakin ruwa, suna komawa garuruwansu da ƙwayar a jini.

Da hukuma ta ga ƙauyuka suna mutuwa, haraji yana raguwa, leburori suna ƙaranci, sai bakin jaka ya buɗe. Aka kafa ma'aikatar ciwon barci, wadda likita H. M. O. Lester ya shugabanta, bisa tsarin ayari masu yawo irin wanda Eugène Jamot ya yi a Kamaru ƙarƙashin Faransa. Hakimi ya tara jama'a, malaman asibiti su lalubi wuyan kowa, wanda aka ji masa kaluluwa a ɗebi ruwanta a duba da madubin likita, wanda aka samu da ƙwaya a yi masa jerin allurai. Tsakanin 1931 da 1940 an duba mutum fiye da miliyan uku, aka sami kusan 400,000 da cutar. Aikin ya ceci rayuka masu yawa ƙwarai. Amma wanda aka warkar yau, gobe zai koma mashayar jiya, ga ƙudan nan yana jiransa. Lester da abokan aikinsa su ka gane allura kaɗai ba ta isa ba, sai an taɓa rafin.

Ancau da Takalafiya

Cikin 1929 Majalisar Ingila ta kafa asusun raya ƙasashen da ta ke mulka, na fam miliyan ɗaya a shekara. Wannan ya sassauta ƙa'idar kowa ya ɗauki nauyin kansa, ko da ya ke babbar manufar asusun ita ce a sama wa masana'antun Ingila kasuwa. Daga cikinsa ne cikin 1937 aka ba Nijeriya fam 95,000, a kashe cikin shekara biyar wajen yaƙi da tsando. Aka zaɓi ƙasar Ancau a gabashin Lardin Zazzau, inda cutar ta yi katutu, aka sa Nash ya ja aikin.

A nan ne ƙidayar Gadau ta biya bashinta. Da an bi tsohuwar dabara, da sai a sare duk itacen da ke bakin rafi, aikin da ba kuɗin da zai ishe shi, ga zaizayar ƙasa a bayansa. Nash ya ce a sassabe sarƙaƙiya da ƙananan rassa kawai, a bar dogayen itatuwa, don iskar hunturu da ta bazara su ratsa, su ƙone ƙudan da 'ya'yansa. Da wannan hanya aka share fiye da mil 500 na rafuka, aka sami wani zirin ƙasa mai tsawon kamar mil 70 da faɗin mil 10 wanda ba tsando a cikinsa. An kuma lissafta cewa sai ƙasa tana da mutum kamar 70 a ko wane murabba'in mil kafin jama'arta su iya riƙe sassaben ko wace shekara, sabo da haka aka taso da mutum wajen 5,000 daga ƙananan ƙauyuka na nesa aka zaunad da su cikin zirin. Aka gina rijiyoyin siminti don a rage zuwa rafi, aka dasa itatuwan marmari, aka rage cunkoson tsohon garin Ancau da gina sabon gari kusa da shi, aka sa masa suna Takalafiya. Yaƙin Duniya na Biyu ya janye ma'aikata, ya ja aikin ya wuce shekara biyar ɗin da aka ɗiba masa, Nash ya buga rahotonsa cikin 1948.

Wajibi ne mai karatu ya lura da wani kuɗi da ba ya cikin lissafin fam 95,000. Sassaben shekara shekara talakawa ne su ka yi shi da addunansu, bisa umurnin Sarki da hakimi da dagaci, a matsayin aikin gayya na dole. Da an kimanta wannan gumi da kuɗi, da an ga rabon mutanen Ancau a cikin biyan aikin ba ƙarami ba ne.

Wajen ƙarshen shekarun 1950 wani masanin al'adun jama'a daga Jami'ar Mishigan ta Amurka, Horace Miner, ya zauna a ƙasar Ancau, ya buga abin da ya gani cikin 1960. Ya tarad da mutane suna ci gaba da sassabe, amma don tsoron hukuma su ke yi. Galibinsu ba su yarda ƙuda ne ke kawo barcin ba, waɗansu kurame ma ana ɗaukarsu mazaunin iskoki ne waɗanda taɓa su ke jawo masifa. Shekara ashirin ana aiki, an san inda tsando ke kwana da awon zafin da ke kashe shi, amma ba a kashe abin kirki ba wajen jin abin da mai adda ya ke tunani, balle a yi masa bayanin da zai gamsad da shi. Sassaben da ke tsaye bisa umurni kuwa, ranar da umurnin ya yi sanyi, sarƙaƙiya za ta komo.

Kaduna da Vom

Yaƙin ya sauya tunanin Ingila game da kashe kuɗi a ƙasashen da ta ke mulka. Dokar raya ƙasashe ta 1940 ta ware fam 500,000 a shekara musamman don bincike, ta 1945 kuma ta ɗaga shi zuwa fam miliyan ɗaya. Da haka bincike ya sami jakarsa ta kansa, ba sai ya yi roƙo daga ma'aikatar likita ko ta dabbobi ba. Daga wannan asusu, da gudummawar gwamnatocin Nijeriya da Gwalkwas da Saliyo da Gambiya, aka kafa Cibiyar Binciken Sammore ta Afirka ta Yamma, wadda aka fara shirinta cikin 1947, aka buɗe ta cikin 1951, da babban mazauni a Kaduna da reshe a Vom. H. W. Mulligan ne shugabanta na farko, Nash ya gaje shi. A wuri guda aka tara likitan mutane da likitan dabbobi da masanin ƙwari.

Cikin shekarun 1950 yawan masu ciwon barci a cikin waɗanda a ke dubawa a Arewa ya faɗo ƙasa da ɗaya cikin ɗari, sai hankali ya koma ga shanu. Maganin ƙwari na DDT ya samu, amma ba mai iya fesa dukan dajin Arewa. Binciken mazaunin ƙuda ne ya sake nuna hanya: da zafin rani tsando ya kan sauka a gindin itatuwa da ƙarƙashin rassa na ƙasa, cikin kurame ƙalilan. Sai ma'aikatar dabbobi ta Arewa ta riƙa tura ayarin leburori da famfon feshi a baya, tun daga tsakiyar shekarun 1950, suna fesa waɗannan wurare kaɗai, farawa daga kogunan da ke gangarawa Tafkin Cadi. Zuwa ƙarshen shekarun 1970 an kawad da tsando daga ƙasa mai faɗin kusan murabba'in kilomita 200,000. Ƙaruwar jama'a da noma da fari sun taimaka wajen hana shi komowa, magungunan feshin kuma, musamman inda aka zuba su daga jirgin sama, sun taɓa kifi da tsuntsaye. Duk da haka ba a cika samun aikin kawad da tsando mai girman wannan ba a duk Afirka, tushensa kuwa littattafan ƙidayar nan ne na Gadau da Kaduna.

Bayan mulkin kai

Da ƙasashen su ka fara samun 'yancin kai, haɗin gwiwar bincikensu ya watse, cibiyar Kaduna ta koma hannun Nijeriya ita kaɗai cikin 1964. A duk faɗin Afirka cutar ta yi ƙasa sosai a wannan lokaci, sabbin gwamnatoci kuma suna da makarantu da hanyoyi da asibitocin da za su gina. Nasarar rigakafi ita ce a daina ganin cuta, in an daina ganinta kuwa sai a daina biyan masu tsaronta. Ayarin yawo su ka ragu a ƙasashe da yawa, yaƙe-yaƙe su ka ƙarasa sauran. Cutar ta komo da ƙarfi a Kwango da Angola da kudancin Sudan, har cikin 1998 aka ba Hukumar Lafiya ta Duniya rahoton kusan mutum 40,000, tana kuwa ƙiyasta waɗanda ba a gano ba sun kai 300,000.

A Nijeriya ma an ga misalin abin da yankewar kuɗi ke yi. Cikin shekarun 1980, da taimakon hukumar makamashin nukiliya ta duniya, aka riƙa kiwon tsando a Vom, ana kashe wa mazan ƙwayar haihuwa, ana sakinsu a ƙasar Lafiya don matan daji su yi barbara ba haihuwa. Ƙudan ya ɓace daga fili mai faɗin murabba'in kilomita 1,500. Da wa'adin shirin ya cika ba a ci gaba da tsaron iyakokin filin ba, sai ƙudan ya sake shigowa daga maƙwabta.

Annobar shekarun 1990 ta sake buɗe bakin jaka, kamar yadda ta Uganda da ta Arewa su ka yi a dā. Cikin 2000 shugabannin Afirka su ka yi shawara a Lome a kan yaƙi da tsando, cikin 2001 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙulla yarjejeniya da kamfanonin magani don a ba da magungunan kyauta. Rahoton masu cutar ya sauko ƙasa da 10,000 cikin 2009, ya sauko ƙasa da 1,000 cikin 2018. Hukumar ta shaida cewa Togo cikin 2020, da Gana cikin 2023, da Cadi cikin 2024, sun kai matsayin da cutar ta daina zama barazana ga lafiyar jama'arsu. Wajen shekara ta 2000 ma, a Amurka, sai da hukumar kimiyya da hukumar binciken lafiya su ka haɗa asusu na musamman don binciken yadda cututtuka ke yaɗuwa ta ruwa da ƙasa da dabbobi da ƙwari, alamar cewa matsalar da ta sami tsando a ofisoshin Kaduna, ta rashin uban gida, ba ta Nijeriya kaɗai ba ce.

Kammalawa

Abu uku su ka fito daga wannan tarihi. Na ɗaya, kuɗin binciken mazaunin cuta bayan annoba su ke zuwa, alhali amfaninsu sai an fara kafin annoba. An fara binciken tsando a Lardunan Arewa cikin 1921, ba a ci moriyarta sosai ba sai daga 1937 a Ancau, da kuma bayan 1955 a wajen feshi. Gwamnatin da ke ba da kuɗi na shekara uku ko biyar tana neman sakamako a ƙarshensu, da ita ce ke riƙe da Gadau, da ta rufe shi tun bai haifi kome ba. Na biyu, mai ba da kuɗi shi ke zaɓen tambaya. Ɗan kasuwa ya tambayi abin da ke kashe ma'aikatansa, gwamnatin mallaka ta tambayi abin da ke rage haraji da leburori, kamfani ya tambayi abin da za a sayar. Na uku, dutsen murhu na uku, watau mutumin da ke zuwa mashaya, shi aka fi barin baya, ko da ya ke shi ne ya biya haraji da jangalin da aka fara aikin da su, shi ne kuma ya riƙe adda.

Sammore har yanzu yana cin dukiyar makiyaya a tsakiyar Nijeriya da kudancinta, cututtukan da ke bin ruwa da sauro da ɓera kuma suna nan, ko wacce da tata mashayar. A wannan fage masu nazarin Hausa da malaman makarantun horon malamai suna da nasu rabon aiki. Rahotannin da aka buga sun cika da sunayen Turawan da su ka shugabanci binciken, amma ba safai a kan ga sunan samarin da su ka kama ƙudan ba, ko na malaman asibitin da su ka duba wuyan mutum miliyan uku. Takardun larduna suna ajiye a Gidan Adana Takardun Tarihi na Kaduna, jikokin waɗanda aka tayar zuwa Takalafiya kuwa suna nan a ƙasar Ancau, ana iya zuwa a tambaye su abin da kakanninsu su ka faɗa musu game da rafi da sassabe da allura.